Hoton Bincike Ba Na WhatsApp Ba Ne: Dalilin Da Ya Sa Ya Kamata Matasanmu Su Koyi Girka OMERO

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje da waya a aljihu ya san dabarar nan. A kara kyamarar waya a bakin madubin likita, a lallaɓa har hoton ya zauna, a danna, sannan a jefa shi cikin gurup ɗin aji a WhatsApp. Dabara ce mai kyau idan nufinka ka nuna wa aboki abin da idonka ya gani. Rigimar tana farawa ne ranar da aka ɗauki wannan hoton a matsayin hujjar bincike, aka liƙa shi a kundin kammala digiri, ko wani ya nemi ya auna girman ƙwayar da ke cikinsa bayan shekara biyu. A ranar za a gane cewa hoton yana nan, amma abin da ya mayar da shi hujja ya tafi.

Ra'ayina a nan shi ne, duk sashen jami'a ko cibiyar binciken da ke ɗaukar hotuna da madubin likita a kai a kai tana bukatar uwar garke ta adana hotuna, wato kwamfuta ɗaya da aka ware, wadda kowa zai riƙa zuba hotunansa a cikinta yana kuma duba su daga nesa. Kuma waɗanda suka fi dacewa su girka ta su riƙe ta su ne matasan da ke karanta wannan shafi. Sai dai akwai sharaɗi. Girkawar aikin wuni ɗaya ne. Saitin da ke biyo baya da kulawar yau da gobe su ne jan aikin, kuma wanda bai shirya musu ba gara ma kada ya fara.

Abin da ke zubewa a hanya

Idan ka tura hoto ta hanyar da aka saba a WhatsApp, manhajar tana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, tana kuma cire bayanan da ke rakiyarsa. Ko zaɓin HD da aka ƙara a 2023 bai hana matsewar gaba ɗaya ba. A hoton biki wannan ba komai ba ne, amarya dai za ta fito da kyau. A hoton kimiyya kuwa, kowane ɗigo na hoton ma'auni ne.

Ga misali. Hoton JPEG yana ɗaukar matakan haske 256 ne kacal a kowane launi. Kyamarorin da ake ɗaura wa madubin bincike sukan ɗauki matakai 4,096, wasu har 65,536. Mai binciken da ke son sanin ko wata ƙwaya ta fi wata haske bayan an zuba mata magani yana dogara ne da waɗannan matakai. Da zarar an mayar da hoton JPEG, an niƙe bambancin, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi.

Sai kuma bayanan rakiya. Asalin fayil ɗin da na'urar ta fitar yana ɗauke da ƙarfin gilashin da aka yi amfani da shi, tsawon lokacin da kyamara ta buɗe ido, ranar ɗauka, da kuma abu mafi muhimmanci: faɗin da kowane ɗigo yake wakilta a zahiri. Jar ƙwayar jinin ɗan adam faɗinta bai wuce maikuromita 7 zuwa 8 ba. Idan ba ka san ɗigo nawa ne ke ba da maikuromita ɗaya a hotonka ba, to ba za ka iya cewa ƙwayar nan ta kumbura ko ta ƙanƙance ba. Za ka dai iya cewa ka gan ta.

Ƙari a kan haka, kowane kamfani da irin fayil ɗinsa. Zeiss na fitar da CZI, Leica na fitar da LIF, Nikon na fitar da ND2, na'urorin Aperio masu ɗaukar hoton gilashin gwaji gaba ɗaya suna fitar da SVS. Wayarka ba ta buɗe ko ɗaya daga cikinsu. Sau da yawa kwamfutar da ke haɗe da madubin ce kaɗai ke da manhajar buɗe su, shi ya sa ɗalibai ke mayar da komai JPEG su zuba a filasha su tafi. Asalin fayil ɗin kuma sai ya zauna a waccan kwamfutar har ranar da ma'adanarta ta cika wani ya goge, ko ta mutu da shi.

Mece ce OMERO?

OMERO manhaja ce da aka gina don magance wannan matsala. Ta fito ne daga wani aikin haɗin gwiwa mai suna Open Microscopy Environment, wanda ya faro a farkon shekarun 2000, kuma ƙungiyar Farfesa Jason Swedlow da ke Jami'ar Dundee a Scotland ce ta daɗe tana jan ragamarsa. Kyauta ce, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Ba a biyan kuɗin lasisi, ba a ƙayyade yawan mutanen da za su yi amfani da ita.

Ƙarfinta yana cikin wata manhaja 'yar uwarta mai suna Bio-Formats, wadda ke karanta nau'in fayil sama da 150 na kamfanoni daban-daban. Idan ka loda fayil a OMERO, tana ajiye asalinsa yadda yake, ta karanto bayanan rakiyarsa ta shigar da su rumbun bayanai, sannan ta nuna maka hoton a burauza. Kana iya yi masa alama, ka rubuta sharhi, ka zana da'ira a kan wata ƙwaya, ka auna tsawo, kuma duk wannan ba ya taɓa asalin fayil ɗin.

Ga inda abin ya shafi mai waya kai tsaye. OMERO ba ta turo maka hoton gaba ɗaya. Manyan hotuna tana yanka su ƙanana-ƙanana ne, ta turo maka iya gurbin da kake kallo, kamar yadda Google Maps ke yi da taswira. Saboda haka hoton da nauyinsa ya kai gigabayit biyu kana iya duba shi a burauzar waya ba tare da ka sauke shi ba. In kana son gani da idonka, akwai wani rumbu na jama'a mai suna Image Data Resource, wanda aka gina a kan OMERO, yake kuma zaune a cibiyar EMBL-EBI da ke kusa da Cambridge a Ingila. Nemo shi a wayarka, ka buɗe hoto ɗaya, ka yi ta zuƙowa. Gani ya kori ji.

Abin da ke cikin girkawa

Mutane da yawa suna jin kalmar uwar garke sai su hango wani ɗaki mai sanyi cike da injina. A gaskiya kwamfutar tebur mai ƙwari ta isa sashe guda ya fara. Babbar manhajar da ake bukata ita ce Linux, galibi Ubuntu ko Rocky Linux, domin masu OMERO ba sa tallafa wa girka ɓangaren uwar garken a kan Windows.

Ginin hawa uku ne. A ƙasa akwai PostgreSQL, rumbun bayanan da ke riƙe da sunayen mutane, sunayen hotuna, alamomi, sharhi da izini. A tsakiya akwai OMERO.server, wadda ke gudana a kan Java da Python, tana kuma amfani da wata manhaja mai suna Ice wajen magana da kwamfutocin da ke neman ta. A sama akwai OMERO.web, fuskar da kake gani a burauza, wadda aka gina da Django, ana kuma ajiye Nginx a gabanta kamar mai gadin ƙofa.

Matakan a jere suke. Ka girka Linux, ka sabunta shi. Ka girka Java da Python da PostgreSQL da Ice. Ka buɗe wa OMERO asusun kanta a kwamfutar, kada ka gudanar da ita da asusun shugaba mai iko da komai. Ka buɗe mata rumbu a PostgreSQL da suna da kalmar sirri. Ka sauke OMERO.server ka warware ta. Daga nan sai ka gaya mata inda za ta riƙa ajiye hotuna da kuma yadda za ta sami rumbunta, ta hanyar umarnin `omero config set`. Umarnin `omero db script` yana rubuta fayil ɗin da zai shimfiɗa tsarin rumbun, `omero certificates` yana samar da takardun shaidar tsaro, sai `omero admin start` ya tashe ta. In wani abu ya ƙi, `omero admin diagnostics` zai nuna maka ɓangaren da ya tashi da wanda ya kwanta.

Akwai gajeriyar hanya, wato Docker. Masu OMERO sun tanadi ƙunshi da aka riga aka haɗa, ta yadda da fayil ɗaya da umarni ɗaya hawa ukun nan za su tashi tare, ka buɗe burauza a tasha ta 4080 ka ga shafin shiga. Don koyo, babu abin da ya fi wannan. Amma sauƙin nan shi ne tarkon. Wanda ya ga shafin shiga ya bayyana cikin minti talatin sai ya ɗauka ya gama, alhali ko fara aikin bai yi ba.

Saitin da ke raba mai wasa da mai aiki

Na farko shi ne wurin ajiya. Hotunan kimiyya suna cin wuri fiye da yadda ake zato. Mu yi lissafi. Hoto mai ɗigo 2,048 a tsaye da 2,048 a kwance, mai matakan haske 65,536, nauyinsa megabayit 8 ne. In ɗalibi ya ɗauke shi da launi 3, a zurfi 50 daban-daban na ƙwayar, hotuna 150 ke nan, kimanin gigabayit 1.2, daga gwaji ɗaya tak. Ɗalibai goma a zango ɗaya sun isa su cika ma'adanar kwamfutar gida. Don haka tun ranar farko a ware wa hotuna faifai dabam da wanda babbar manhaja ke kai, a nuna wa OMERO shi ta saitin `omero.data.dir`. In faifan babbar manhaja ya cika, rumbun bayanai ma tsayawa yake yi. Kuma kada wanda ya shiga jakar OMERO da hannu yana sauya wa fayiloli suna ko wuri da sunan gyara. Rumbun ya haddace inda kowane fayil yake, in ka gusar da shi ka raba hoto da bayaninsa.

Na biyu shi ne ƙofofi da makullai. Misalin Docker da ake koyo da shi yana zuwa da asusun shugaba mai suna root da kalmar sirri da kowa ya sani, tunda a rubuce take a fili a intanet. Wanda ya bar ta haka ya haɗa kwamfutar da intanet, tamkar ya rufe shago ne ya bar makulli a jikin kwaɗo. A sauya ta kafin a loda hoto ko ɗaya. A rufe dukkan tashoshi sai waɗanda ake bukata: 443 don burauza, 4064 don manhajar OMERO.insight da ake loda hotuna da ita daga kwamfuta. Tashar PostgreSQL, wato 5432, ba ta da abin yi a waje. In za a buɗe uwar garken ga intanet, a saka mata HTTPS. Let's Encrypt na bayar da takardar shaidar kyauta, ana kuma iya saita ta ta riƙa sabunta kanta.

Na uku shi ne izini, kuma nan ne aikin ya fi shafar mutane fiye da injin. OMERO tana tsara mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗaya daga matakai huɗu. Akwai wanda kowa hotonsa kawai yake gani, sai shugaban rukuni da ke ganin na kowa. Akwai wanda 'yan rukuni ke ganin na juna ba tare da taɓawa ba. Akwai wanda za su iya ƙara sharhi da alama a kan na juna. Sai na ƙarshe, wanda kowa ke iya gyara ko goge na kowa. Malalacin mai girkawa yakan zuba kowa a rukuni ɗaya mai cikakken iko, ko ma ya ba sashe gaba ɗaya asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya, don kada a dame shi da kira. Ranar da hotunan wata ɗaliba suka ɓace mako biyu kafin ta kare kundinta, babu wanda zai iya cewa ga wanda ya goge. Shawarata ita ce kowane malami da rukuninsa, kowane ɗalibi da asusunsa, a kuma fara da matakin gani da sharhi. A zauna da malaman a yanke wannan kafin a buɗe asusun farko.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne ajiyar ko-ta-kwana. OMERO tana da rabi biyu: jakar hotuna da rumbun bayanai. In ka kwafe jakar kaɗai, ka tsira da fayiloli amma ka rasa sharhi da ma'auni da sanin na wane ne. In ka kwafe rumbun kaɗai, ka tsira da jerin sunayen hotunan da babu su. Dole a kwafe su tare, rumbun da umarnin `pg_dump`, jakar kuma da irin su `rsync`, a kuma saita aikin ya riƙa yin kansa kowane dare. Tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya daga ciki a wani gini dabam. Faifai biyu masu kwafar juna a cikin kwamfuta ɗaya suna kare ka daga mutuwar faifai ne kawai. Gobara, sata da gogewa bisa kuskure duk tare suke cin su. Masu amfani da Docker kuma su kiyayi umarnin `docker compose down -v`, domin ƙaramin harafin nan na ƙarshe yana share ma'adanar tare da komai da ke ciki.

Sannan ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, fata ce kawai. A sami wata kwamfuta, a dawo da kwafin a kanta, a shiga a buɗe hotuna biyar a gani. A yi haka a kalla sau ɗaya kowane zango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuta, zafi da ƙura

Littafin jagoran OMERO an rubuta shi ne a ƙasar da ɗauke wuta labari ne. A nan kuwa sai mun ƙara babi da kanmu. PostgreSQL tana da tsarin farfaɗowa bayan yankewar wuta, amma ba a gina kowane faifai don ya jure yankewa sau biyar a wuni ba. Uwar garke tana bukatar UPS wanda ke haɗe da ita ta waya, ta yadda in batir ya kusa ƙarewa zai gaya mata ta kashe kanta cikin tsari. Manhajoji irin su NUT da apcupsd don haka aka yi su. A saita kwamfutar ta riƙa tashi da kanta idan wuta ta dawo, a kuma saita OMERO ta tashi tare da ita, don kada a riƙa neman mai makullin ɗaki kowace safiya. In sashen yana da sola da inbata, uwar garken ce ta fi cancanta da layin farko.

Zafin Maris zuwa Mayu da ƙurar hunturu ma abokan gaba ne. Kada a ajiye kwamfutar a ƙasa, kada a kulle ta a kabad marar iska, a riƙa buɗe ta ana hure ƙura. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sa wata kwamfuta ta yi shekara bakwai, wata ta mutu a ta biyu.

Abin daɗin shi ne ba dole sai da intanet ba. In aka haɗa uwar garken da rauta ɗaya a sashen, aka ba ta adireshi tsayayye, duk wayar da ta hau wannan Wi-Fi za ta iya buɗe hotuna ba tare da an ci ko megabayit ɗaya na data ba. Aji guda na iya kallon gilashin gwaji ɗaya a lokaci guda, kowa a wayarsa, maimakon layin mutum sittin a bayan madubi ɗaya. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma duba jini a madubi yana cikin manyan hanyoyin gano cutar, tarin hotunan jini masu kyau da malamai suka yi wa alama kayan koyarwa ne mai daraja. Haka ma ga masu nazarin sikila, da masu binciken cututtukan gero da dawa da wake.

"Ai akwai Google Drive"

Wannan ita ce hujjar da za a fara kawo maka, kuma ba maganar banza ba ce. Google Drive ba ya bukatar UPS, ba ya jin ƙura, kuma injiniyoyin da ke kula da shi sun fi mu kayan aiki. A matsayin wurin jefa kwafi na uku, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma gigabayit 15 na kyauta gwaji goma sha biyu ne irin wanda muka lissafa a sama. Kuma Drive bai san abin da ke cikin fayil ɗin CZI ba. Ba zai nuna maka shi ba, ba zai bar ka ka auna ba, sai ka sauke shi gaba ɗaya da datarka, ka kuma nemi kwamfutar da za ta buɗe shi. Uwa uba, yawanci asusun na mutum ɗaya ne. Ɗalibi ya gama ya tafi bautar ƙasa, hotunan sashe sun bi shi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: wa zai riƙe ta? Nan kam dole a faɗi gaskiya. Uwar garken da babu mai kula da ita ta fi filasha haɗari, domin tana tara ƙwan kowa a kwando ɗaya, tana kuma sa mutane su saki jiki su daina ajiye nasu kwafin. In sashe madubi ɗaya gare shi, hotunansa a shekara ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, to jaka mai tsari, sunayen fayil masu ma'ana da faifan waje guda biyu sun wadatar. OMERO ta dace ne da inda mutane suke da yawa, na'urori suka bambanta, ɗalibai kuma suke shigowa suna fita kowace shekara. A irin wannan wuri ma, kada a fara sai an sami mutum biyu da suka san tsarin, an rubuta saitin a takarda, an kuma damƙa wa shugaban sashe kalmomin sirri a ambulan rufaffe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma a san iyakarta. An gina OMERO don bincike da koyarwa ne. Asibitin da ke neman wurin adana hotunan ƙirji ko na ciki, waɗanda ke zuwa a tsarin DICOM, ya fi dacewa ya duba irin su Orthanc, manhaja kyauta marar nauyi da Sébastien Jodogne ya faro a birnin Liège na Beljiyam.

Amanar da ke cikin hoto

Idan hotunan daga jikin mutane aka samo su, maganar ta wuce fasaha. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman. Sunan majiyyaci yana iya laɓewa a sunan fayil, ko a cikin bayanan rakiya. Fayilolin SVS ma sukan zo da ƙaramin hoton takardar da aka liƙa a jikin gilashin, wadda wani lokaci sunan mutum ko lambar asibitinsa ke kai. Tunda OMERO tana adana asalin fayil yadda yake, duk abin da ke ciki zai shiga tare da shi. A cire sunaye a sa lambobi tun kafin lodawa. Mai riƙe da uwar garke yana iya ganin komai na kowa, saboda haka wannan kujera ta mai riƙon amana ce. Hoton jinin wani bai dace da sitatus ba ko da kuwa ya yi kyau.

Daga ina za ka fara?

Ba sai kana karanta likitanci ko ilimin halittu ba. Abin da za ka koya a wannan hanya, wato Linux, PostgreSQL, Nginx, Docker, HTTPS da tsara ajiyar ko-ta-kwana, su ne dai kayan aikin da kamfanonin fasaha ke ɗaukar mutane a kansu. Bambancin shi ne a nan za ka koye su a kan matsala ta gaske, da mutane na gaske da za su kira ka in abu ya tsaya. Mai irin wannan gogewa yana da abin faɗa a gaban masu ɗaukar aiki fiye da wanda ya tara takardun shaidar kwasa-kwasan intanet bai taɓa riƙe komai ba.

Nemi tsohuwar laftof, a ganina mai RAM gigabayit 8 ta isa koyo. Saka mata Ubuntu, ko ka gudanar da shi a cikin VirtualBox in ba ka son taɓa Windows ɗinka. Fara da Docker don ka ga yadda abin yake idan ya tashi. Sauke 'yan hotunan gwaji da masu OMERO suka ajiye kyauta, ka loda su, ka buɗe su a wayarka ta Wi-Fi ɗin gida. Sannan ka rushe komai ka sake ginawa da hannu, mataki bayan mataki, domin a nan ne za ka fahimci abin da ke magana da me. Girka Termux ko Termius a waya ka koyi shiga uwar garken ta SSH, ka duba lafiyarta daga inda kake.

Jarrabawar ƙarshe ka yi wa kanka ita: ka yi ajiya, ka goge rumbun da gangan, ka dawo da shi, ka tabbatar kowane hoto da sharhinsa sun dawo. Ranar da ka ci wannan jarrabawa sau biyu a jere, ka isa ka ƙwanƙwasa ƙofar shugaban sashe ka ce masa, ranka ya daɗe, ina da shawara a kan hotunan da ke kwamfutar ɗakin gwaji. Ka je da lissafin faifai da UPS a rubuce, da sunan abokin da zai riƙe aikin in ka gama makaranta.